Jimla guda a takardar ayar Kawu: yadda aikin yake tafiya

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Kawuna aya yake sayarwa. Shekara da shekaru yana tara ta daga ƙauyukan Cadawa da Agye da Madarunfa, ya jibge a sitonsa nan unguwar Zariya ta birnin Maraɗi a Nijar, dillalai su zo daga Kano su kwasa. Ciniki da baki ake yi, sanayya ce jingina. Bana wani kamfani mai fitar da kaya waje ya nemi buhu 300, zai ba da rabin kuɗi a hannu, ciko kuma sai kaya sun je. Ya aiko da takarda ta WhatsApp a sa hannu, da Ingilishi. Ni ke riƙe wa Kawu lissafi, ni ne kuma na yi boko a gidan, sai aka miƙo mini waya.

Ga jimlar da ta tsayar da ni:

"The balance will be paid when the goods have been weighed in Kano, provided that they arrive by 15 November, unless the buyer rejects them within three days of delivery."

Kalmomin duk na san su, tun ajin farko na kwaleji ake koya mana Ingilishi. Amma da Kawu ya ce, "To ɗana, me suka ce?", abin da ya fito daga bakina shi ne, "In kaya sun isa Kano aka auna, za su biya ciko." Ya ce madalla, ya nemi alƙalami. Na ce, "Kawu, ku dakata, ku ba ni kwana biyu." Jikina ya ba ni cewa na zubar da rabin maganar a hanya, ga shi kuɗin mutane ne a ciki, domin manoman da ya karɓi ayarsu ba duka ya sallama ba.

Aiki biyu na ɗaura wa kaina. In warware wannan jimla har ƙasa, sannan in rubuta ɗan littafi da Hausa a kan irin waɗannan kalmomi na lokaci da sharaɗi, don ƴan kasuwar da takardun Ingilishi suka fara shigo wa aljihu.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na je wurin tsohon malamina na Ingilishi, wanda ya yi ritaya, bayan la'asar. Na same shi a zaure yana gyaran rediyo. Ya karanta jimlar sau biyu, ya ɗauki jan alƙalami ya ja layi ƙarƙashin "The balance will be paid". Ya ce wannan ita ce uwa, sauran ukun rassa ne, kowane reshe da igiyar da ya ɗaura wa uwar. Masana nahawu "ganga" suke ce wa irin wannan yanki na jimla, amma ni reshe zan rubuta a littafin, ya fi saurin shiga kai.

Reshen farko ya ci mana sa'a guda. Na gaya masa abin da ya rikita ni: "have been weighed" a idona abu ne da ya riga ya faru, alhali ayar tana sito ko ɗinke buhu ba a gama ba. Ya ce laifin Faransanci ne da ke zaune a kaina. Bafaranshe in zai faɗi wannan, cewa zai yi "quand les marchandises auront été pesées", ya sa aikatau a lokaci mai zuwa. Mu da muka tashi da wannan muna laluben "will" bayan "when", in ba mu gan shi ba sai mu ɗauka an koma baya. Ingilishi kuwa ba ya sa "will" a reshen lokaci. Bayan when, after, before, until, as soon as da once, siffar yanzu yake amfani da ita ko da abin sai baɗi. In ya sa "have" kamar a jimlarmu, yana nufin sai an kammala aikin tukuna uwar za ta motsa.

Na ce, "Malam, ai haka Hausa take yi." Ya ɗago kai. Muna cewa "in an auna, za a biya". "An auna" siffar abin da ya wuce ce, amma kowane yaro ya san awon bai zo ba. Ba mai cewa "in za a auna, za a biya" da wannan ma'ana. Ashe a nan Hausa ta fi Faransanci kusa da Ingilishi, mu ne muke zagayawa ta Faris kafin mu dawo gida. Malam ya ce shekarun da ya yi yana jan kunnen ɗalibai a kan "when I will come", da ta Hausa ya biyo da su da an huta.

Ya yi mini kashedi guda: a "I don't know when he will come", "will" daidai yake, domin can "when" tambaya ce, "yaushe", ba ta ɗaura wa uwa lokaci. Na rubuta a gefe.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ga inda Hausa take yi mana tarko. "In" ɗinmu kaya biyu yake ɗauka. "In an yi sallar magariba zan zo": babu shakka za a yi sallar, lokaci kawai nake faɗa. "In an yi ruwa gobe zan yi shuka": ana iya yi, ana iya ƙi. Baki ɗaya, kalma ɗaya, mai sauraro ne ke rarrabewa da hankalinsa. Ingilishi ya raba su gida biyu, na farko when, na biyu if. A hira wannan ba ya cutar da kowa. A takardar kuɗi kuwa, in na fassara when da if duka da "in", na shafe iyakar da mai takardar ya shata da gangan.

Da dare na kai wa Kawu wannan bayani ina tsoron ba zai shiga ba. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ai wannan iza da in ne." Ya yi karatun zaure da nisa, kuma a nahawun Larabci an koya musu cewa "iza" ta abin da tabbas zai auku ce, shi ya sa surorin da ke maganar tashin alƙiyama suke buɗewa da ita, "in" kuma ta abin da ke rataye tsakanin yiwuwa da rashinta. Ya ƙara da "lau", ta abin da bai faru ba. Abin da na kwana biyu ina kokawa da shi, shi yana riƙe da shi tun kafin a haife ni. Na yanke shawara littafin zai sa Larabci a gefen Hausa, domin yawancin Alhazan kasuwa ta wannan ƙofa za su shiga.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sauran rassa biyu.

"Provided that" sharaɗi ne mai nauyi, Hausarsa "muddin" ko "bisa sharaɗin". Abin da ke cikinsa kuma "by 15 November". Da farko na haɗa "by" da "until" a kaina, duka "har". Kuskure ne. "Until" abu ne mai ci gaba har ya kai wani lokaci ya tsaya, kamar a ce sito yana buɗe har ƙarfe shida. "By" wa'adi ne: kada a wuce ranar, in an riga ta ma ya fi. Malam ya ce a yadda aka saba fahimta ranar 15 tana ciki. Na duba kalanda, Asabar ce.

"Unless" shi ne "sai dai in". Nan ma Faransanci ya so ya kayar da ni, domin "à moins qu'il ne les refuse" yana ɗauke da "ne" wanda ba ya kore komai, ni kuma na saba ganinsa, sai na riƙa neman "not" a Ingilishin. Babu. Korewar tana cikin cikin kalmar. "Unless the buyer rejects them" na nufin in bai ƙi su ba za a biya, in ya ƙi su maganar biya ta faɗi.

Ga fassarar da na karanta wa Kawu yau:

"Za a biya ciko bayan an gama auna kayan a Kano, muddin sun isa can ranar 15 ga Nuwamba ko kafin ta, sai dai in mai saye ya ce ba ya so cikin kwana uku da sauke su."

Ya yi shiru, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Wato ƙofa uku ce, biyu makullinsu na hannunsu." Haka ne. Isar kaya ce kaɗai a hannunmu. Awo su za su yi, kuma takardar ba ta ce yaushe ba. Ƙin kaya ma nasu ne, ba a kuma faɗi dalilin da zai halatta shi ba. Na so a nemi su gyara, Kawu ya ce kasuwar bana ba ta jira, sabuwar aya na shigowa farashi zai sauka. Ya sa hannu, amma ya sa da ido buɗe, wanda ranar Litinin ba haka ba ne.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Shafi tara na littafin sun samu. Ana ta rairaya da ɗinki a sito, ƙura har cikin kwamfuta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Mota ta tashi ranar Laraba ta bi Ɗan Isa, ta ƙetare zuwa Jibiya. Jiya da hantsi direba ya kira, famfon mai ya lalace kafin Katsina, makanike ya ce sai an nemo wani. Da a ce fassarar farko na bari, da yanzu muna cewa Allah ya kawo sauƙi, ko yaushe ta isa ta isa. Yanzu kuwa mun san kwana biyu suka rage. Kawu ya aika kuɗi a sayi sabon famfo a Katsina maimakon jiran gyaran tsohon. Na yi wa direba saƙon murya sau biyu: ko tsakar dare ya isa, kada ya kwanta sai mai sito ya sa hannu a takardar kaya ya rubuta kwanan wata da hannunsa, ya kuma rubuta sunan watan da harufa.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Bayan isha'i hoto ya shigo. Takardar kaya a kan bonet, hasken tocila a kanta, sa hannu da shuɗin alƙalami, "15 Nov." a ƙasa. Motar na kasuwar Dawanau a Kano. Kawu ya sa aka kira masa direba ya yi masa addu'a mai tsawo.

Laraba, 19 ga Nuwamba

An auna ranar Litinin. Reshen when ya cika, reshen provided that ya cika. Yau da rana saƙo ya zo daga kamfanin, jimla biyu:

"We cannot pay until our manager has signed. Should any bag fail inspection, its value will be deducted."

Ta farkon ita ce "sai" tamu: ba za mu iya biya ba sai manaja ya sa hannu. Na lura da wani abu da zan sa a littafin. "Not until" ya faɗi abin da ba zai faru ba kafin sa hannun, amma bai rantse cewa da an sa hannu kuɗi za su fito ba. Hausa ma haka take: wanda ya ce maka "ba na tafiya sai an yi sallah" bai ce ana sallamewa zai kama hanya ba. "As soon as" ne ke da wannan ƙarfi, shi ne "da zarar".

Ta biyun ta ruɗe ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Ya ga "should" a farko ya ce ko umarni ne, ko tambaya ce da aka manta alamarta. Ba ko ɗaya. Sharaɗi ne da aka cire wa "if" aka juya kalmomin, salon takardun ofis: "idan aka samu wani buhu bai ci jarrabawa ba". Haka suke yi da "had" da "were" a farkon jimla.

Abin da ya dame ni shi ne lissafin kwana ukun. Takarda ta ce "of delivery", daga sauke kaya, ba daga awo ba. An sauke Asabar 15. Lahadi, Litinin, Talata: wa'adinsu ya cika jiya 18. Na rubuta musu haka cikin ladabi, Malam ya duba mini kafin in tura. Suka amsa cewa ba a aiki Lahadi, kuma kaya sun iso da dare. Na ce takardar "days" ta ce, ba ta ce "working days" ba. A gaskiya ina ganin hujjarmu ta fi ƙarfi, amma na ga kuma yadda kalma guda da ba a rubuta ba ta bar wa kowa wurin tsayawa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Kuɗi sun shigo, an zaftare na buhu 11. Saƙon da ya biyo su:

"If the bags had been free of sand, we would have paid in full."

Ƙanena ya riga ni gani, ya ruga wurin Kawu yana cewa sun biya duka, ga shi sun rubuta "paid in full". Sai da na zaunar da su biyun. Wannan ita ce "lau" ta Kawu, ita ce "da … da" tamu: da buhunan ba su da yashi, da mun biya duka. Jimlar tana faɗar abu biyu ba tare da ta furta su ba, akwai yashi, kuma ba a biya duka ba. Duk inda aka ga "had" a reshe da "would have" a uwa, to labarin abin da bai faru ba ake bayarwa.

Sun turo hoton yashin a faranti. Kawu ya duba lambar buhunan, ya ce na wani kaso ne da aka karɓo a gurguje ba a sake rairaya ba. Aya a cikin rairayi take girma, da rariya ake fitar da ita, in aka yi sakaci sai ta tafi da ƙasarta. Ya ce ko da wa'adinsu ya wuce, ba zai ci kuɗin yashi ba. Ban ja da shi ba. Gobe zai fara sallamar manoma.

Asabar, 13 ga Disamba

Na gwada littafin a kan mutum bakwai a ƙofar sito, ana shan shayi. Akwai masu riɗi biyu, da mai fata, da wani dattijo mai kai wake Legas. Na karanta jimla da Ingilishi, na ba da Hausa iri biyu, su zaɓi wadda za su yarda su sa wa hannu.

Abin da na koya ya fi abin da na koyar. Dattijon ya ƙi "lokacin da" a matsayin when na abin da ke tafe, ya ce Hausar rediyo ce, a kasuwa "ran da" ko "bayan an" ake cewa. Na gyara. Mai fata ya tambayi "in case", wanda ya gani a saƙon wani abokin cinikinsa, ya ɗauka "if" ne. Na ba shi misali: "take a spare tyre in case you have a puncture". Tun a gida za ka ɗauki tayar, ba sai faci ya same ka ba. Nan take ya ce, "Ko da a ce." Wani ya ce "saboda tsaro". Na rubuta duka biyun.

"As long as" ya jawo gardama, domin yana iya zama tsawon lokaci yana iya zama sharaɗi. Sai muka ga "muddin" da "matuƙar" ma haka suke, "muddin ina raye" lokaci ne da sharaɗi a haɗe. Muka bar shi a haka.

Ɗaya daga masu riɗin ya kawo misalin da ya fi nawa. Ya ce jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano zuwa nan, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ɗansa kullum "when" yake sa masa, shi kuma "if". Aka yi dariya, amma kowa ya gane bambancin a take, kuma da izininsa misalin ya shiga shafi na uku.

Matsala guda: uku daga cikin bakwai ajami suke karantawa. Littafin boko kaɗai ba zai kai gare su ba.

Lahadi, 28 ga Disamba

Na fara naɗar kowane shafi da murya, minti biyu zuwa uku, yadda za a iya turawa ta waya. Shida sun kammala. Na sake na "unless" sau huɗu saboda kukan babura.

Malam ya karanta shafi 22 ɗin duka, ya cire mini wani dogon bayani a kan sunayen da littattafan makaranta ke ba sharuɗɗa, na ɗaya, na biyu, na uku. Ya ce ɗan kasuwa ba jarrabawa zai zauna ba. A madadinsa muka sa tambayoyin da mutum zai yi wa kowane reshe: wannan abin tabbas zai faru ko ana jira a gani, a hannun wa yake, daga wace rana ake ƙirga. Muka kuma yi maganar dokar da aka fitar a watan Maris na bana, wadda ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ra'ayina shi ne in har haka ne, ya kamata yaro a Maraɗi ya koyi Ingilishi kai tsaye daga Hausa, aƙalla a wannan babi, tunda na gani da idona hanyar ta fi gajarta.

Talata, 13 ga Janairu 2026

Kamfanin ya dawo, riɗi yake so wannan karo. A sabuwar takardar akwai "further orders will be placed if and when required". Kawu ya saurara ya ce, "Sun haɗa iza da in wuri ɗaya, ke nan ba su yi alkawarin komai ba." Daidai ne: in an buƙata, kuma sai ran da aka buƙata. Ba za mu tara riɗi a kan wannan ba.

Jimlar biyan kuɗi kuwa mun ce mu za mu rubuta. Kawu ya faɗa da Hausa, na juya, Malam ya daidaita:

"The goods will be weighed within two working days of arrival, and the balance will be paid within five working days after weighing. If the buyer rejects any bag, he must say so in writing before weighing ends."

Mun raba ta biyu da gangan, kowane sharaɗi da ranarsa da mai ɗaukar nauyinsa. An tura da azahar. Sun amsa cewa biyar ta yi kaɗan, suna son bakwai, Kawu ya ce a ba su. Saura shafi na "since" da "while", da mai rubutun ajami da zan gani ranar Juma'a bayan masallaci, da tambayar kuɗin buga kwafi 50 a wurin masu fotokwafi na bakin babbar kasuwa.